TSAKANIN TUKUNYA DA BAKI: KIYAYE LAFIYAR ABINCI A TARUKANMU

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na 'yan asalin Rurum mazauna birane



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya, iyayenmu mata, da sauran 'yan uwa da suka taso daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin halartar wannan zama, ina yi muku barka da zuwa gida.

Da aka nemi in yi jawabi a yau, na san da yawa daga cikinku za su zaci batun hanya ko rijiyar burtsatse ko kuɗin makarantar marayu zan ɗauko, domin su muka saba tattaunawa kowace shekara. To, abin da na zo da shi yana nan bayan rumfa cikin kuloli, yana jiran a rufe taro da addu'a. Ina nufin abincin da muke ci tare a ɗaurin aure da suna da walima da yawon Sallah, da ma taro irin wannan. Dalilina shi ne, mu mazauna birane mu ne muke aiko da kuɗin biki, mu ne muke faɗaɗa gayya, mu ne kuma muka shigo da sababbin nau'o'in abinci da sababbin hanyoyin rabonsa. Saboda haka idan abincin biki ya kwantar da mutane, muna da kaso a alhakin, kuma mu ɗin ne dai za a bugo wa waya a kan kuɗin asibiti.

GIRMAN MATSALAR

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasinta na farko a kan cututtukan da ake ɗauka ta hanyar abinci. Ƙiyasin ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 600 ne suke kwanciya rashin lafiya a duk shekara saboda gurɓataccen abinci, kuma kimanin 420,000 daga cikinsu suna rasa rayukansu. A nahiyar Afirka an ƙiyasta masu kamuwa sun haura miliyan 91, masu mutuwa kuma 137,000. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne suka fi jin jiki, domin kimanin 125,000 daga cikin mamatan duniya yara ne. Wannan yana daga cikin abin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 7 ga watan Yuni domin tunatarwa a kan lafiyar abinci, aka fara bikinta a 2019.

Mu dawo gida. A shekarar 2021 cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, kuma Kano tana cikin jihohi huɗu da suka fi yawan masu cutar, tare da Bauchi da Jigawa da Zamfara. Kwalara kuwa ta baki take shiga, ta ruwa ko abincin da najasa ta taɓa. Babu inda take samun sauƙin yaɗuwa kamar wurin da ɗaruruwan mutane suka ci daga tukunya ɗaya, suka sha daga randa ɗaya.

LOKACI DA ZAFI

'Yan uwa, idan akwai abu ɗaya da nake so kowa ya tafi da shi daga wannan jawabi, to shi ne wannan: mafi yawan abincin biki lafiyarsa ƙalau ake sauke shi daga murhu. Ɓarnar tana faruwa ne a cikin sa'o'in da suke tsakanin tukunya da baki.

Ƙwayoyin cuta na bakteriya suna hayayyafa ne idan abinci yana da ɗumi-ɗumi, wato tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi na Salshiyas. Ƙasa da digiri 5, irin sanyin firiji mai aiki, hayayyafarsu takan yi sanyi ƙwarai. Sama da digiri 60, lokacin da abinci yake tururi, ba sa iya yaɗuwa. A tsakanin nan kuwa, idan yanayi ya yi musu daidai, wasunsu sukan ninka kansu a kowane minti 20. Ku yi lissafi da kanku: ƙwaya ɗaya tak, idan ta samu sa'a bakwai tana ninkawa haka, za ta haura miliyan biyu.

Yanzu mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Za a ɗaura aure a Rurum bayan Azahar, walima kuma sai bayan La'asar. Uwar biki tana zaune a Kano, can ta ɗauki mai girki. An ɗora shinkafa tun asuba, an sauke da hantsi, an ɗura a kuloli da robobin rabo, an loda a bayan mota. Motar ta yi jiran mutane, ta yi tafiyar da ta wuce sa'a guda cikin rana, ta iso aka jibge kayan a ɗaki mai rufin kwano. Ana buɗe kula a ɗibar wa baƙi, a rufe, a sake buɗewa. Kafin abincin ya kai ga bakin mutum na ƙarshe ya yi sa'a bakwai ko takwas, kuma mafi yawan wannan lokaci a ɗumi-ɗumin da ƙwayoyin cuta suke so ya yi shi. Kula takan rage saurin hucewa na ɗan lokaci ne kawai, ba murhu ba ce.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Hukumomin abinci na Amurka sun ƙara da cewa idan zafin gari ya haura digiri 32, to sa'a ɗaya ce. Mu kuwa a nan kudancin Kano, daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan kai digiri 40. Ku tuna kuma cewa Ƙaramar Sallah ta 2023 da ta 2024 a watan Afrilu suka faɗo, ta 2025 kuma a ƙarshen Maris, wato a tsakiyar bazara, lokacin da muka fi cika garin nan da bukukuwa.

Wani zai ce ai ana shinshinawa, idan abinci ya lalace hanci zai faɗa. Wannan kuskure ne mai haɗari. Ƙwayoyin da suke sa abinci ya yi tsami daban, waɗanda suke kwantar da mutum daban, kuma na biyun sau da yawa ba sa canza ƙamshi ko ɗanɗano. Wani kuma zai ce ai za a ɗumama. Ɗumamawa tana da amfani, amma tana da iyaka. Akwai wata ƙwaya da masana suke kira Basilus siriyus, wadda take zuwa tare da ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta. Idan shinkafar ta daɗe da ɗumi sai irin ya farfaɗo ya zuba dafi, kuma wannan dafi ɗumamawa ba ta karya shi. Shi ne yake sa mutum amai cikin sa'o'i kaɗan bayan cin abinci. Haka nan ƙwayar Stafilokokus, wadda take zaune a hanci da fatar mutane da miki ko ƙurjin hannu, ita ma dafinta yana jure wuta. Akwai ta uku da take son babbar tukunyar miya ko farfesu da aka bari ta huce a hankali, takan kawo murɗawar ciki da gudawa cikin dare ko washegari, lokacin da baƙi sun riga sun watse, kowa ya zaci shi kaɗai abin ya samu.

HIKIMAR IYAYENMU DA SABABBIN AL'ADU

Iyayenmu mata na Tsohon Gari da Sabon Gari ba su san sunayen waɗannan ƙwayoyi ba, amma sun san maganinsu. A gidan biki ake girki, a ci tuwo da zafinsa. Miyar da ta rage a tafasa ta kafin a kwanta, a sake tafasawa da safe. Ɗumame sai ya yi zafi har cikinsa. Naman layya a soya shi ƙayau a cikin kitsensa, ko a yanyana a shanya ya bushe. Duk waɗannan dabaru ne na hana ƙwayar cuta lokaci da danshi.

Mu ne muka zo da haɗin salak mai ƙwai da mayonis, wanda ba ya ganin wuta ko kaɗan, a kwaɓa shi da hannu tun safe a bar shi cikin zafi. Mu ne muka zo da robobin rabo da ake cikawa tun da hantsi. Mu ne muka dogara da firiji a wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, alhali firiji idan aka ɗauke wuta, ko da ba a buɗe shi ba, sanyinsa ba ya wuce kimanin sa'a huɗu yana kare abinci. Naman da ya narke ya ɗumama, aka kawo wuta ya sake daskarewa, kamanninsa ba sa nuna abin da ya same shi. Babu laifi a ci gaba, amma duk sabon abu yana zuwa da sharuɗɗansa, wanda ya ɗauki abin ya bar sharaɗin kuwa ya sayi wahala da kuɗinsa.

Game da nama, abu uku nake roƙo. Na farko, wuƙa da faranti da katakon da suka taɓa ɗanyen nama ko kaza kada su taɓa dafaffen abinci ko kayan salak sai an wanke su da sabulu. Na biyu, a dafa nama da kaza har cikinsu, ruwan da yake fita daga jikinsu ya daina ja, domin zafin digiri 70 a tsakiyar nama shi ne yake kashe irin su Salmonela. Na uku, mu daina al'adar nan ta gaggauta yanka dabba mara lafiya don kada a yi asara. A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja, cuta ce da take kama mutum ta hanyar fiɗa da cin naman dabbar da ta kamu. Araha ba ta ado, balle a naman da za a ciyar da jama'a.

ABIN SHA

Sau da yawa hankalinmu yana kan tukunya, mu manta da abin sha. A watannin Maris da Afrilu na 2021, gab da azumi, mutane da dama a Kano suka riƙa zuwa asibiti da amai da jiri da fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗan tsami da garin lemo da wa'adinsa ya ƙare. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta sanar da mutuwar mutum 10, kuma kimanin 400 suka kwanta a asibiti. Hukumar NAFDAC ta bayyana cewa abin da aka sayar da sunan ɗan tsami yana ɗauke da wani sinadari mai guba. Darasin a fili yake: duk garin da za a zuba a zoɓo ko lemo, a saye shi cikin mazubinsa na asali, mai lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Wanda aka ƙulla a leda ba suna ba tambari, a bar shi. Tsamiya da lemon tsami da citta na gonarmu sun wadatar.

Ruwan da za a yi zoɓo da kunun aya da shi, da wanda za a wanke latas da tumatir da karas, dole ya zama ruwan da za a iya sha: a tafasa shi, ko a sa masa sinadarin kulorin bisa ƙa'idar da aka rubuta a jikin kwalbar. Ƙanƙara ma ruwa ce, kuma daskarewa ba ta tsarkake ruwa mai datti. Idan ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, a jera kwalabe a cikinta su yi sanyi, kada a jefa ta cikin abin sha. Kunun aya ba ya jure zafi, a yi shi a ranar, a sha a ranar. Madarar da za a yi nono da ita a tafasa ta tukuna.

Akwai kuma haɗarin da ya shafe mu a matsayinmu na manoma. Jarkar maganin feshi ba ta zama mazubin ruwa ko kunu, komai wankin da aka yi mata. Waken da za a yi alala ko ƙosai da shi a tabbatar ba wanda aka zuba wa maganin ƙwari ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da baƙi suka ƙi saya, bai kamata mu ciyar da 'ya'yanmu shi ba.

Sai wankin hannu. Kwano ɗaya da mutum ashirin suke tsoma hannu a ciki, na ƙarshe dattin mutum goma sha tara yake ɗauka. A zuba ruwa da buta, a sa sabulu, ruwan ya zube ƙasa. Mai girki ko mai rabo da yake fama da gudawa, ko yake da miki a hannu, a ba shi hutu ranar ba tare da an ci masa fuska ba.

MASU FITA SHAN ISKA

Allah Ya yi mana baiwa da maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. 'Ya'yanmu idan sun zo hutu ko Sallah sukan so a kai su bakin ruwa su wuni. Ga masu irin wannan fita, shawarata ita ce a zaɓi guzurin da ya dace da rana: gurasa, kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyen nama, lemo da ayaba da ba a ɓare ba. Kifi ko nama a gasa shi a can, a ci da zafinsa. Shinkafa da salak da dafaffen ƙwai idan an tafi da su a ci da isa, kada a bar su a bayan mota sai yamma. A tafi da ruwan sha daga gida, domin ruwan dam ba na sha ba ne sai an tafasa. A rufe abinci saboda ƙuda, a kuma kwashe shara a dawo da ita.

IDAN ABIN YA FARU

Abin da yake kashe mai amai da gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman yaro da tsoho da mai juna biyu. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Na leda da ake sayarwa a kantin magani ya fi, a narka shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Idan babu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, ba tare da an tula cokalin ba. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. A guji haɗiyar ƙwayoyin magani barkatai ba da umarnin ma'aikacin lafiya ba. Idan gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini, ko idanu sun faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko mara lafiya ya kasa riƙe abin da ya sha, to a garzaya asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Rano, ko da tsakar dare ne, domin kwalara takan kashe cikin sa'o'i. Idan kuma mutum biyu ko uku da suka ci abinci a wuri ɗaya suka kwanta, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ɓoyewa don gudun abin kunya ita take ba cuta damar kama wasu.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Mai girma shugaba, ina gabatar da shawarwari biyar.

Na ɗaya, duk bikin da za a yi a Rurum a yi girkinsa a Rurum. Wannan zai gajarta lokacin da abinci yake yi a hanya, kuma kuɗin girkin zai shiga hannun matan garinmu maimakon ya tsaya a birni.

Na biyu, a tsara girki da lokacin ci. Idan taron yini ne, a ɗora tukunya sau biyu, ta rana daban, ta yamma daban, a bar miya a kan garwashi har a gama rabo.

Na uku, ƙungiya ta sayi 'yan durom masu famfo da butoci da sabulu da manyan faifan rufi, ta ajiye su a hannun amintaccen mutum, duk mai biki ya ara ya mayar.

Na huɗu, mu gayyaci ma'aikatan lafiya da duba-gari su yi wa masu girkin biki da mahauta da masu zoɓo bita ta yini ɗaya kafin kowace bazara, mu ɗauki nauyin zaman.

Na biyar, abincin da ya rage a raba shi da wuri, tun yana da zafi. Almajiri da maƙwabci mai ƙaramin ƙarfi su ne suka saba karɓar shinkafar da ta wuni ta kwana, kuma su ne ba su da kuɗin asibiti. Abin da ba za mu ba ɗanmu ba, kada mu kira shi sadaka.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai kuɗin rumfa da kujerun da muke haya a biki ɗaya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Karamcin da aka san mutanen ƙasar Rano da shi bai cika ba sai baƙo ya ci ya ƙoshi, ya kuma koma gidansa lafiya.

Daga ƙarshe, ina roƙon shugaban taro da masu jawabi bayana su taƙaita, domin abincin da yake bayan rumfa shi ma agogonsa yana tafiya.  Allah Ya ƙara mana lafiya da zumunci, Ya ɗaukaka garinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.